Idan Katafila Ta Ce Ba Ta Jin Injinta

Duk wanda ya bi ta inda ake aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, ko ya tsaya a bakin wata kwatar fasa dutse, ya ga manyan motocin aiki iri-iri: katafila mai tura ƙasa, mai haƙa da dogon hannu, gireda mai daidaita hanya, da mai loda wa tifa yashi. Mai haƙa irin Cat 320 ko Komatsu PC200 nauyinta ya kai tan 20. Idan irin wannan ta tsaya cak ana tsakar aiki, mai kallo daga nesa zai ɗauka wani babban ƙarfe ne ya karye. Sau da yawa kuwa ba abin da ya karye. Inji lafiyarsa lau, famfon haidirolik ma haka, tanki cike da mai. Magana ce kawai ta yanke tsakanin sassan motar.

Wannan ciwo sabo ne. Katafilar da iyayenmu suka sani, sandar ƙarfe ce ke jan totur, bakanike kuma kunnensa da sifanarsa sun ishe shi. Abin ya fara sauyawa ne da ƙasashen da ke ƙera motocin suka matsa a kan hayaƙi. Amurka ta fara ɗora wa injinan dizal na irin waɗannan motoci doka a 1996, Turai ta biyo baya, kuma bayan kowane 'yan shekaru sai a ƙara tsanantawa. Inji ba zai rage hayaƙi zuwa inda doka ke so ba sai an auna man da ake fesa masa daidai wa daida, an kuma fesa shi a kan lokaci, wannan kuwa aikin kwamfuta ne. Sai aka sa wa inji tasa kwamfutar, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa. Daga nan famfo ya sami tasa, allon gaban direba ya sami tasa, a wasu motocin har giya da bututun hayaƙi. Kowacce kuma tana buƙatar labarin 'yar uwarta. Ta famfo ba ta sanin nauyin da za ta ɗora sai ta ji gudun da inji ke yi, ta inji ba ta sanin gudun da ake so sai an gaya mata inda direba ya murɗa totur.

Da za a ja wa kowane labari wayarsa, da damin wayoyi ya cika motar. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da mafita a 1986, tsarin da ake kira CAN: waya biyu kacal, a murɗe da juna, su ratsa motar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kowace ƙwaƙwalwa ta jona da ɗan gajeren reshe. A kansa ne ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta gina ƙa'idar J1939, wadda tirela da babban janareta da katafila ke bi a yau. A ƙa'idar, waya ɗaya rawaya ce, ɗaya koriya, ko da yake wasu kamfanoni suna da nasu launin, kuma tsawon layin kada ya wuce mita 40. Caterpillar tana da wani layin nata daban, Cat Data Link, da ke tafiya tare da wannan a motocinta da yawa.

Yadda ake magana a layin nan ya cancanci a tsaya a duba. Idan ba mai magana, wayoyin biyu suna zaune a kan bolt 2.5. Mai magana sai ta ɗaga ɗaya zuwa wajen 3.5, ta sauke ɗayar zuwa wajen 1.5, ta saki, ta kuma, ana jera alamomi har dubu 250 a daƙiƙa ɗaya. Masu saurare ba ƙarfin kowace waya suke dubawa ba, tazarar da ke tsakanin biyun suke karantawa. Dalilin murɗe su ke nan: duk hayaniyar lantarkin da altaneta ko sitata za ta watsa, tana faɗa wa wayoyin biyu daidai, tazarar ba ta motsi. Kowane saƙo na ɗauke da lamba, idan biyu suka fara magana lokaci guda mai ƙaramar lamba ce ke wucewa, ɗayar ta dakata ta maimaita, ba a rasa saƙon kowa. Akwai kuma wani tsari da ke burge ni matuƙa. Kowace ƙwaƙwalwa tana ƙirga kurakuranta. Duk aiken da ya lalace sai ta ƙara wa kanta maki 8, duk wanda ya isa lafiya ta rage 1, in makin ya haura 255 sai ta janye daga layi ta yi shiru, don kada ta hana saura magana.

A kowane ƙarshen layin akwai ɗan rezisto mai om 120, wanda bai kai girman yatsa ba. Aikinsa shanye saƙon da ya iso ƙarshe, kada ya juyo ya gauraya da mai zuwa. A wasu motocin yana cikin ƙwaƙwalwa ko cikin allo. A wasu kuwa yana cikin wani ɗan murfi da aka toshe soket da shi a tsakiyar damin wayoyi, har wanda bai sani ba ya ɗauka murfin banza ne, ya cire ya yar.

Ranar da layi ya yanke, direba ne ke fara ji a hannunsa. Ya murɗa totur inji ya ƙi tashi daga silo, ko ya tsaya a gudu ɗaya. Awon zafi da na mai su ɓace daga allo. Hannun motar ya yi sanyi, bokiti ya kasa ciko ƙasa. Sai wata lamba ta bayyana. A motocin Cat ana yawan ganin CID 590 tare da FMI 09, a waɗanda ke bin J1939 kai tsaye kuma SPN 639. Ita 590 sunan ƙwaƙwalwar inji ne, 09 kuma ma'anarta saƙon da ake jira bai iso a kan lokaci ba. To, a nan ake faɗuwa. Lambar ba ta ce ƙwaƙwalwar inji ta mutu ba. Abin da ta ce shi ne wata ƙwaƙwalwar ta kasa kunne ba ta ji komai ba. Shaidar mai saurare ce, kuma mai saurare yana iya ba da shaidar cewa bai ji ba, amma ba zai iya ba da shaidar abin da ya hana shi ji ba.

A wurin aiki ba haka ake karanta ta ba. Ɗan kwangila yana biyan hayar mota kullum, tifofi sun yi layi, leburori suna zaune a inuwa ana bin sa kuɗin yini. A wannan hali duk wanda ya ce "ƙwaƙwalwa ce ta ƙone" ya ba shi amsar da zai kama. Sai a bazama neman ta hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, in ba a samu ba a aika Legas. A kashe kuɗi masu nauyi, a kawo, a jona, a kunna makulli, lambar nan ta dawo yadda take. An bar jaki ana dukan taiki. Wani lokacin ma ɓarnar ta ninku, domin in wayar wuta ce ke taɓa layin a cikin dami, abin da ya cutar da ta farko yana nan yana jiran ta biyu. Ga shi kuma ƙwaƙwalwar da aka ciro daga wata motar tana zuwa da manhajar waccan motar da lambobin injektocinta, sai a wayi gari da sabuwar matsala a kan tsohuwa.

Gwanin wannan aiki ba da sukundireba yake farawa ba, da tambaya yake farawa. "Malam, yaushe ta fara? Me aka yi mata jiya?" Direba zai ce, "Wallahi Oga ba komai, walda kawai aka yi wa bokiti," ko ya ce an wanke ta, ko an ja mata wuta daga wata motar da safe. Wannan "ba komai" ɗin sau da yawa rabin ganewar ciwon ne. Daga nan sai ya rubuta duk lambobin da ke allo a takarda kafin ya goge ko ɗaya, ya duba wa ke ƙarar wa. In uku suna kukan ba sa jin guda ɗaya, reshen waccan ɗayar da wutarta zai nufa. In kowa na kukan kowa, babban layin ne ya sami matsala.

Kafin ya taɓa wayoyin magana sai ya tabbatar wadda ake zargi tana samun wuta, tunda wadda ba ta da wuta ba ta magana. Yawancin motocin nan batir biyu ne masu bolt 12 a jere. Masu lafiya suna nuna wajen 25 a kashe, 27 zuwa 28 idan inji na aiki. Batir mai rauni kan faɗi ƙasa warwas lokacin tayarwa, ƙwaƙwale su ɗauke na ɗan lokaci, kowacce ta farfaɗo ta rubuta cewa ba ta ji 'yar uwarta ba. Sai ya duba fiyus, ya kwance wayar at da ke ɗaure a jikin ƙarfen motar ya ga ko tsatsa ta ci ƙarƙashinta. Ba ya yarda da mitar awo kaɗai a nan. Wayar da ta tsinke saura zare ɗaya za ta nuna wa mita bolt 24 cif, amma a jona mata ƙwan fitila sai ya ƙi kamawa.

Sai awon da ya fi kowanne sauƙi da amfani. A kashe makulli, a kashe babban makunnin batir, a ɗora mita a kan wayoyin biyu. Rezisto biyu masu 120 idan suna aiki tare 60 suke bayarwa, don haka 60 alamar layi ya haɗu ne daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In aka ga 120, ko dai rezisto ɗaya ya tafi, ko waya ta tsinke a hanyar zuwa gare shi. In aka ga 40, wani ya ƙara na uku. In ya faɗi kusa da sifili, wayoyin sun haɗe da juna. Sannan a mayar da wuta a auna kowacce da jikin mota: ɗaya ta ɗan haura 2.5, ɗaya ta ɗan gaza. Wadda ta nuna sifili tana gogar ƙarfe a wani wuri, wadda ta nuna ƙarfin batir kuma ta haɗu da wayar wuta. Don gano wurin ba sai an farke damin gaba ɗaya ba. A cire wani soket na tsakiya, a auna ɓangaren dama da na hagu, kowanne ya kamata ya ba da 120. Wanda ya saɓa, a can ciwon yake, a sake raba shi biyu.

Wanda ya fi wahalarwa shi ne mai zuwa yana tafiya, mota ta yi aiki da safe lafiya, rana ta take ta ɗauke. A nan sai maigida ya zaunar da yaronsa gaban mita, shi kuma ya kwanta ƙarƙashin ɗakin direba yana bin damin da hannu, yana girgiza shi taƙi bayan taƙi. Can sai yaron ya ɗaga murya, "Oga, ta motsa!" A tsaya nan. Sau da yawa za ka tarar maƙalin da ke riƙe damin ya faɗi tuntuni, damin ya kwanta a kan kaifin ƙarfe, jijjigar inji ta yi ta goga shi har roba ta cinye, jan ƙarfe ya leƙo. Ko kuwa soket ne. A waje fes yake, a buɗe sai a ga robar da ke hana ruwa shiga ta yage, ɗaya daga cikin 'yan ƙarafan ciki ya yi kore, yana marmashewa in an taɓa shi da farce. Wani lokacin ba tsatsa ko kaɗan, sai dai bakin ramin ya buɗe saboda wani ya taɓa cusa masa ƙusa yana awo, yanzu ba ya kama abokinsa da kyau. Gyaran na gaskiya shi ne a sauya ɗan ƙarfen da irinsa, a matse shi da abin matsewarsa, a sa sabuwar roba, a mayar da murɗin wayoyin yadda yake, a ɗaure damin nesa da kaifi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif yana tayar da mota yau, ya kwantar da ita da ruwan farko na damina.

Abin da ya sa wannan sana'a ta tsaya mini a rai shi ne, irin wannan gurguwar fahimta muke yi wa junanmu, kuma mu tamu asarar ba ta kuɗi ba ce. Ƙani ya tafi Fatakwal neman abinci, aka kwana biyu ba a ji shi ba, sai yayansa ya yanke cewa ya samu ne ya manta da gida. Gwaggo ba ta zo suna ba, aka ce raini ne, alhali yaron da aka aika da goro bai kai ba. Abin da mutum ya sani tabbas shi ne bai ji ba. Dalilin rashin jin kuwa zato ne har sai ya tashi ya je ya gani, kuma Suratul Hujurati ta hore mu a kan bincika labari da nisantar yawan zato. Wanda ya yi shirun nan, yana da lafiya kuwa? Yana da abin sa kati? Ni da nake jiran kiransa, yaushe rabon da in kira? Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take, hanyar suke nufi, domin ita ce ke lalacewa in an daina bin ta.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Ƙwaƙwalwar nan da ke ƙirga kurakuranta ba ta da hanyar sanin ko laifin nata ne ko na waya. In layi ya lalace, duk saƙon da ta aika yana ɓaci a hanya, ita kuma tana ɗora wa kanta, har makin ya cika ta yi shiru, alhali lafiyarta lau. Mutanen kirki da yawa haka suka yi shiru a gidajenmu. Mace ta ga duk maganar da ta faɗa sai ta isa kunnen mijinta ko surukarta a juye, sai ta kame bakinta, a ce ta cika girman kai. Daga nan a sake ta a auro wata, masu kai-kawon da suka ɓata auren farko suna nan inda suke, ba a jima ba a ji kuka iri ɗaya a gidan. Ta farkon an zalunce ta, ta biyun an jefa ta cikin abin da ba ta san farkonsa ba, 'ya'ya kuma sun rabu da uwarsu. Ni a ganina duk dattijon da aka kira sulhu, kafin ya tambayi wa ke da laifi, ya fara tambayar ta bakin wa magana ke bi tsakanin mutanen nan biyu.

A motar ma, galibin abin da ke ɓata layi daga hannun mutane yake fitowa. Mai walda ya maƙala wayar at ɗinsa a can jikin ƙafar mota, yana ƙona haƙorin bokiti a nan, batir a jone, wutar walda ta nemi hanya ta bi ta inda ta samu. Daidai shi ne a kashe batir, a maƙala at ɗin dab da inda ake waldar, in aikin kusa da ƙwaƙwalwa ne a cire soket ɗinta. Mai wanki ya saita bakin famfo mai ƙarfi a kan soket don ya fitar da laka, ruwa ya shige bayan roba ya zauna. Mai gyara ya huda waya da allura don ya auna, ramin da ido ba ya gani ya zama ƙofar danshi. Motar da aka ajiye a daji saboda damina ta tsayar da aiki, ɓeraye su tare a cikinta su ci wayoyi. Sai kuma na zamani: ɗan kwangila ya gaji da satar mai, ya sa a ɗaura masa na'urar bin sawu, mai ɗaurawar ya fere wayoyin nan biyu ya jona tasa, wani lokacin har da nata rezisto a ciki. Niyyar mai kyau ce, kuma na'urar na da amfani, amma a ba wanda ya san layin ya ɗaura.

Ƙwaƙwalwa tana mutuwa, wannan gaskiya ne. Ruwa na shiga cikinta, batir da aka jona a juye yana iya kashe ta nan take, wata kuma ɓangaren maganarta ne ke lalacewa ta danne layin gaba ɗaya, sai an cire soket ɗinta saura su dawo hayyacinsu. Amma hukunci ne da ake yankewa a ƙarshe, bayan an tabbatar wuta na isa gare ta, at ɗinta na da kyau, layi kuma ya nuna 60 har bakin soket ɗinta. A nan ne kwamfuta mai manhajar kamfani, irin Cat ET ko Tech Tool na Volvo, take da muhimmanci, ta nuna waɗanda ke amsawa da waɗanda ba sa amsawa, ta kuma loda wa sabuwa manhajar da ta dace da motar. Ba kowane mai gyara ke da halin mallakarta ba. Mitar awo kuwa da ƙwan fitila da zanen wayoyin motar, waɗannan ba su fi ƙarfin kowa ba, kuma da su ake gano mafi yawan irin wannan ciwo.

Don haka ina kira ga iyayen gida a garejojinmu, da malaman kwalejojin fasaha, su zaunar da yaransu su koya musu karanta zanen waya da riƙe mita tun da wuri, domin motocin da ke shigowa yanzu duk masu ƙwaƙwalwa ne, yaron da sifana kaɗai ya iya zai zama ɗan kallo a sana'arsa. Kai kuma mai mota, kafin ka fitar da kuɗin sabuwar ƙwaƙwalwa, ka tambayi mai gyaranka nawa mita ta nuna tsakanin wayoyin nan biyu da batir a kashe. In ba shi da amsa, bai fara aikin ba tukuna, kada ka biya.